Shirye-shiryen Lafiya na Ƙananan Hukumomi da Masu Rauni a Tasawa da Mayahi

Shirye-shiryen lafiya na ƙananan hukumomi su ne ayyukan kiwon lafiya da ake gudanarwa a matakin gari da ƙauye, inda ma'aikatar magajin gari, da hukumar lafiya ta gunduma, da sarakunan gargajiya, da ƙungiyoyin agaji ke haɗa hannu. A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, har da ƙaramar hukumar Kona, an fi karkata waɗannan ayyuka ga mutanen da magani ke yi wa wuyar samu: mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, matalauta marasa gona, naƙasassu, makiyaya da 'yan gudun hijira. Abubuwa uku ne suka saba shiga tsakanin waɗannan mutane da likita, wato kuɗi, da nisa, da izini. Shirin da ya yi tasiri a yankin shi ne wanda ya kawar da ɗaya daga cikinsu, ya kuma danƙa wani sashe na aikin ga waɗanda abin ya shafa.

Yankin da mutanensa

Tasawa tana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, kimanin kilomita 120 gabas da birnin Maraɗi. Gundumarta ta ƙunshi ƙananan hukumomi bakwai: Tasawa, Kona, Korgom, Bawdeta, Hawandawaki, Maijirgi da Urafan. Mayahi tana arewa maso yamma da ita, a bakin Gulbin Kaba, da ƙananan hukumomi takwas, cikinsu har da Kanambakashe, Cake, Sarkin Hausa da Gidan Amumun. A ƙidayar jama'a ta 2012 jihar Maraɗi tana da mutum miliyan 3.4, kuma kowace daga cikin gundumomin nan biyu ta haura rabin miliyan. Mafi yawan mazauna Hausawa ne manoman gero, dawa, wake da gyaɗa, sai Fulani da Buzaye makiyaya, waɗanda suka fi yawa a arewa.

Yawan jama'a ya sa gonaki sun tsuke, musamman a kudu, ɓangaren da Kona take. Magidanci da yawa ba ya noma abin da zai kai iyalinsa wata kakar. Da zarar an gama girbi sai samari da magidanta su tafi ci-rani Kano, Katsina, Legas, Agadas ko Libiya, su bar mata da yara da tsofaffi a gida. Tsakanin watan Yuni da Satumba rumbu ya yi ƙasa, tiyar gero ta yi tsada, sauro ya yi yawa, aikin gona kuma ya yi nauyi. A wannan lokaci ne tamowa da zazzaɓin cizon sauro ke haɗuwa a kan yaro guda, a lokacin ne kuma cibiyoyin lafiya ke cika.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna cewa macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, ta jihar Maraɗi kuwa 8.4. Kashi 76 cikin 100 na matan ƙasar an yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma Maraɗi ce kan gaba a wannan lissafi. Waɗannan alƙaluma ne suka sa lafiyar uwa da yaro ta zama ginshiƙin kusan kowane shiri a yankin.

Tarihi

Sa mutanen gari cikin aikin lafiya tsohon abu ne a Maraɗi. Tun cikin shekarun 1960 aka fara horar da manoma su zama masu ba da taimakon farko a ƙauyukansu, aka kuma horar da ungozomomi kan tsaftar karɓar haihuwa. Mutanen ƙauye ne ke zaɓen wanda za a horar, a ba shi akwatin magani na zazzaɓi da ciwon ido da wanke gyambo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan gwaji na Maraɗi cikin littafin da ta wallafa a 1975 kan lafiyar da jama'a ke riƙe da ita da kansu, shekara uku kafin taron Alma-Ata na 1978 ya ɗauki kiwon lafiya a matakin farko a matsayin manufar duniya. Daga baya tsarin ya yi sanyi, saboda babu albashi, babu sa ido a kai a kai, akwatunan magani kuma suka riƙa ƙarewa ba a sake cika su ba.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da tsarin Bamako, wanda ya ce marar lafiya ya biya wani abu domin cibiya ta iya sayen magani, kwamitin mutanen gari kuma ya riƙe asusun. Nijar ta mayar da wannan doka a 1995. Magani ya samu a kan kanta fiye da da, amma wanda ba shi da kuɗin kati ya zauna gida, ko ya nufi boka da mai tallar ƙwaya a kasuwa.

Sauyi na gaba ya zo a zamanin Shugaba Mamadou Tandja. Daga 2001 shirinsa na musamman ya gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a ƙauyukan ƙasar. A 2005 aka soke kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 kuma aka ayyana awon ciki, da magungunan tazarar haihuwa, da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a matsayin kyauta. Wani nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Masu nazarin sun danganta hakan da ɗakunan shan magani na ƙauye, da jinya kyauta, da rabon gidan sauro da sinadarin bitamin A, da kula da masu tamowa.

Tsarin aiki da hurumin magajin gari

Ɗakin shan magani na ƙauye shi ne mataki na ƙasa. Sau da yawa ma'aikaci ɗaya ne a ciki, yana duba zazzaɓi, gudawa da ciwon haƙarƙari na yara. A samansa akwai cibiyar lafiya da ake kira CSI, mai malamin asibiti da ungozoma a inda aka samu, wadda ke yin rigakafi, awon ciki da karɓar haihuwa. Abin da ya fi ƙarfin CSI sai a tura asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi, daga nan kuma zuwa manyan asibitocin Maraɗi. Ma'aikatar lafiya tana ɗaukar mutum a matsayin wanda likita ke kusa da shi idan gidansa bai wuce kilomita biyar daga CSI ba, kuma kusan rabin mutanen ƙasar suna wajen wannan da'ira. Domin su ne ake fita da babur zuwa ƙauyukan da ke tsakanin kilomita 5 da 15, ake kuma tura mota zuwa waɗanda suka fi haka nisa.

Ƙananan hukumomi sun fara aiki bayan zaɓen 2004, lokacin da aka kafa guda 265 a faɗin ƙasar. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta fayyace huruminsu, a 2016 kuma gwamnati ta miƙa musu wani sashe na iko a fannin lafiya, ilimi, ruwa da muhalli. A aikace, ma'aikatar magajin gari takan gina ko ta gyara ɗakin shan magani, ta biya mai gadi ko ma'aikacin wucin gadi, ta sa hannu a man motar ɗaukar marasa lafiya, ta kula da tsaftar kasuwa da mahauta, ta kuma yi rajistar haihuwa. Ita ce kuma ke ba da takardar shaidar rashin hali, wadda matalauci ke nunawa a asibiti domin a sassauta masa. Albashin likitoci da manufofin magani suna hannun gwamnatin tsakiya.

Wannan tunani na sa ƙaramar hukuma cikin aikin lafiya ya yi daidai da shirin birane masu lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a Turai a tsakiyar shekarun 1980, wanda ya ce lafiyar gari ta rataya ne ga ruwa, shara, gidaje da abinci kamar yadda ta rataya ga asibiti, saboda haka magajin gari yana da hannu a ciki. Bambancin shi ne ƙaramar hukuma irin Kona tana dogara ne da harajin kai da kuɗin kasuwa, waɗanda ba su taka kara sun karya ba, don haka yawancin manyan ayyuka da kuɗin abokan hulɗa na waje ake yin su.

Tamowa da aikin iyaye mata

Yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farin ɗango na 2004, ita ce ta sauya yadda ake jinyar tamowa a yankin. A 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Ƙungiyar agaji ta Save the Children ta kama aiki a Tasawa, Action contre la Faim kuma a Mayahi. Kafin wannan lokaci sai an kwantar da yaro da uwarsa makonni a asibiti, abin da uwa mai wasu yara da gona ba za ta iya ba. Abin da ya kawo sauƙi shi ne Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa, madara, sukari, mai da sinadarai, wanda André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka ƙirƙiro a 1996. Ba ya bukatar ruwa ko dafuwa, ba ya kuma saurin lalacewa. Wani kamfani a Yamai, STA, ya shiga yin sa a cikin gida.

Ga yadda ranar awo take a CSI. Ma'aikaci yana naɗa wani siririn ma'auni mai launi uku a damtsen yaro na hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Idan ya tsaya a kore, yaro lafiya lau. Rawaya na nufin tamowa matsakaiciya. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Sai ya danna bayan ƙafafun yaron biyu da babban yatsa, ya ga ko gurbin yatsan zai zauna, alamar kumburi. Daga nan a wanke wa yaron hannu, a yage leda ɗaya, a ba uwar ta ba shi a gefe. Idan ya ci, za ta koma gida da rabon mako guda da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta dawo mako mai zuwa a sake awo. Idan ya ƙi ci, ko yana da zazzaɓi mai zafi ko numfashi sama-sama, sai a tura shi sashen kwantar da masu tamowa na asibitin gunduma, inda ake farawa da madara ta musamman.

Wannan tsari ya mayar da uwa mai jinyar ɗanta. Mataki na gaba ya zo daga Mirya a jihar Damagaram, inda ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata riƙe ma'aunin da kansu. An ga cewa uwar da ba ta yi boko ba tana iya karanta launin daidai, kuma tana kawo yaro da wuri fiye da yadda ake samu idan an jira ma'aikaci ya zo zagaye. Nijar ta ɗauki hanyar, ta bazu har Maraɗi da wasu ƙasashe.

Aikin bai rasa gardama ba. Gwamnatin Tandja ta yi ta musanta cewa akwai yunwa, kuma a watan Yulin 2008 ta dakatar da reshen MSF na Faransa a Maraɗi, wanda ya janye kafin ƙarshen shekarar. Bayan haka aka ƙara shigar da jinyar tamowa cikin cibiyoyin gwamnati, ƙungiyoyin cikin gida irin su FORSANI kuma suka karɓi wani ɓangare na aikin.

Rigakafin zazzaɓin damina ma a hannun iyaye mata yake ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, Nijar ta fara a 2013 a wasu gundumomi, ciki har da Madarunfa da Gidan Rumji, sannan ya bazu zuwa mafi yawan gundumomin ƙasar. Sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba, masu rabo suna bi gida-gida ko su zauna a ƙofar mai gari, su ba yaro mai wata 3 zuwa 59 ƙwayoyin ranar farko a gabansu, su bar wa uwar na kwana biyu masu zuwa. Daga baya aka haɗa rabon da awon damtse, ya zama fita ɗaya tana biyan bukata biyu.

Kuɗi, izini da lafiyar mata

A gidan Bahaushe na karkara miji ne ke ba da izinin fita, shi ne kuma ke da alhakin kuɗin magani. Idan ya tafi ci-rani, maganar takan koma hannun mahaifinsa ko mahaifiyarsa. Kunya tana hana mai cikin fari faɗin cewa naƙuda ta kama ta, al'adar goyon ciki kuma takan kai ta gidan iyayenta, wani lokaci a ƙauyen da ya fi nisa da likita. Ga kuma ƙarancin gona: binciken Marthe Diarra da Marie Monimart na 2006 ya nuna yadda matan kudancin Maraɗi ke rasa gamanarsu, wato 'yan gonakin da suke noma wa kansu, yayin da gandu ke tsukewa, sai mace ta rasa ɗan abin da take sayarwa ta yi lalurar kanta.

Shirin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya taɓa wannan matsala ta fuskar kuɗi. An gina shi a kan asusun da mata suka saba yi. Mata kamar talatin sukan haɗu sau ɗaya a mako a gidan ɗayarsu, kowace ta zuba abin da aka yanke a gaban kowa, a ƙirga da babbar murya, a kulle a akwatin ƙarfe da makullansa ke hannun mata daban-daban. Daga ciki ake ba da rance na sana'a, kamar ƙuli-ƙuli, man gyaɗa ko kiwon akuya. Akwai kuma wani ɗan asusu na gefe don lalura, wanda daga cikinsa mace ke karɓar kuɗin kabu-kabu ko na magani a daren da yaro ya tashi da zazzaɓi, ba sai ta jira aike daga Kano ba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. A Nijar wasu daga cikin matan ƙungiyoyin sun tsaya takara sun zama kansiloli, suka zauna a majalisar da ke yanke kasafin ƙaramar hukuma.

Makarantar magidanta ta bi ta fuskar izini. Asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya fara ta a jihar Damagaram a 2008, daga baya ta shigo Maraɗi. Ana zaɓen maza kaɗan, ba su wuce goma sha biyu ba, masu mutunci a gari, waɗanda matansu ke zuwa awo. Sukan zauna da malamin asibiti su duba alƙaluman cibiyarsu, su ga mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a gida, sannan su shiga majalisu da wuraren suna da ɗaurin aure su yi wa 'yan'uwansu maza magana. A wasu garuruwa sun yi aikin gayya sun gina makewayi ko ɗakin ungozoma. Ana sukar tsarin da cewa ya bar ikon a hannun miji, ya dai gyara yadda yake amfani da shi. Masu goyon baya kuma suna cewa da haka ne aka ga mata sun ƙaru a ɗakin haihuwa.

Matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari suna cikin waɗanda aka fi ƙyama. Sau da yawa yaron ya mutu, miji ya saki, mutane su guje ta saboda wari. A Danja, kudu da birnin Maraɗi, aka buɗe cibiyar tiyatar yoyon fitsari a 2012, da haɗin gwiwar mishan ta SIM da Worldwide Fistula Fund. Aikin kyauta ne, kuma bayan tiyata ana koya wa matan karatu da sana'a kafin su koma gida. Ta fuskar rigakafi, dokar farar hula ta Nijar ta sa shekarun auren mace a 15, kuma yawancin aure bisa al'ada da addini ake ɗaura shi, saboda haka ƙoƙarin ya fi karkata ga riƙe 'yan mata a makaranta, kamar yadda wata dokar gwamnati ta 2017 ta tanada.

Tallafin kuɗi ga gidaje

Tasawa tana cikin wuraren farko da aka gwada ba matalauta kuɗi a hannu don kare yara daga tamowa. A 2008 Save the Children ta zaɓi gidaje 1,500 mafiya talauci a gundumar, ta ba kowanne jimillar jika 60 na sefa a kashi uku a lokacin da rumbu ya ƙare, kuma mata ne suka karɓa. Gidajen sun ƙara cin mai, wake da nama, sun rage zuwa ƙwadago a gonar wasu, sun noma tasu. Amma da zazzaɓi da gudawa suka yi yawa a tsakiyar damina, yara da dama sun sake ramewa, abin da ya nuna cewa kuɗi kaɗai ba ya wadatarwa idan babu magani. Wani bincike da cibiyar Epicentre ta yi a Madarunfa a 2011 ya ƙarfafa wannan: haɗa kuɗi da abinci na musamman na yara ya fi hana tamowa a kan ba da ɗayansu kaɗai.

Daga 2011 gwamnati, da tallafin Bankin Duniya, ta kafa shirin tallafi na dindindin wanda ya fara da jika 10 a wata na tsawon shekara biyu ga matan gidaje matalauta a jihohi biyar, har da Maraɗi. Ana haɗa shi da zaman faɗakarwa kan nono zalla na wata shida, wanke hannu da sabulu, kwana cikin gidan sauro da kai yaro likita da wuri. Zaɓen gidajen shi ne ke jawo ƙorafi. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun rubuta yadda mutanen ƙauye ke ganin rashin adalci idan aka ba wani aka bar maƙwabcinsa da suke hali ɗaya, har wani lokaci a tattara kuɗin a sake rabawa bayan masu rabo sun tafi.

Sauran rukunai

Kutare sun daɗe suna zama a gefen gari, suna rayuwa da bara. Asibitin kutare na Danja, wanda SIM ta kafa a shekarun 1950, yana ba da magani, yana gyaran gaɓoɓi, yana kuma ɗinka takalma na musamman. Tun da aka samu haɗin magungunan da ke warkar da kuturta cikin wata 6 zuwa 12, jinyar ta koma cibiyoyin lafiya na kusa, wanda aka gano da wuri kuma ba ya rasa yatsunsa. Naƙasassu suna da tarayyarsu ta ƙasa da rassa a jihohi, kuma a 2019 aka kafa dokar da ta tanadi haƙƙoƙinsu, sai dai cibiyoyi da yawa har yanzu ba su da hanyar keken guragu ko mai fassara wa kurame.

Makiyayan arewacin Mayahi da Urafan ba sa zama wuri ɗaya, saboda haka yaransu ne suka fi kuɓuce wa rigakafi. Ana cim musu a bakin rijiya da ranar kasuwa, ta hannun arɗo ko shugaban ruga. Almajiran garuruwa kuwa sun wuce shekarun jinya kyauta, ba su da uba a kusa da zai biya, don haka lafiyarsu tana hannun malami da uwar ɗakin da suke yi wa aiki.

Daga 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina na Najeriya suka tsallako jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, yawancinsu mata da yara. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnati ba su kafa sansani a rufe ba, sai suka zaunar da su a jikin ƙauyuka irin su Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda aka ƙarfafa cibiyar lafiya da famfo da makaranta domin baƙi da 'yan gari su amfana tare. Iyakar ba ta tare cuta: kwalarar da ta ɓulla a Madarunfa a Yulin 2018 ta shafi ɓangarorin biyu, haka ma shan inna bayan dakatar da rigakafi a Kano a 2003. Wannan ne ya sa ake daidaita ranakun rigakafi tsakanin ƙasashen biyu, ake kuma neman bakin sarakuna da limamai kafin a fita.

Matsaloli

Babbar matsalar jinya kyauta ita ce biya. Cibiya tana yi wa yaro magani, ta cike takarda, ta aika Yamai ta jira gwamnati ta mayar mata da kuɗin. Biyan ya riƙa jinkiri na watanni har shekaru, bashin ya kai biliyoyin sefa, cibiyoyi suka kasa sayen magani. Sakamakon haka uwa takan ga malamin asibiti kyauta, amma a rubuta mata takarda ta je kanti ta saya. Masu bincike Jean-Pierre Olivier de Sardan da Valéry Ridde sun yi rubutu mai yawa kan wannan giɓi tsakanin shelar siyasa da abin da ake samu a kan kanta.

Kwamitocin kula da asusun cibiya ma ba kullum suke wakiltar talaka ba. Sau da yawa dangin mai gari da 'yan kasuwa ne a ciki, mata kaɗan ne, naƙasasshe ko Bafulatanin ruga kuwa da wuya a gan shi. Takardar rashin hali tana bukatar zuwa ofis da sanin wanda za a gani, abin da mafi talauci ba shi da shi. Ungozomomi da malaman asibiti mata sun fi son zama a birni, masu faɗakarwa na ƙauye kuma aikin sa kai suke yi da ɗan alawus da ke tsayawa idan aikin ƙungiya ya ƙare. A damina amalanken shanu ne motar asibitin ƙauyuka da yawa. Wasu gundumomi sun ƙara dala ashirin na sefa a kan kuɗin kati domin tara kuɗin man ɗauko mai naƙuda, dabarar da ta taimaka a inda aka riƙe asusun da gaskiya.

Halin da ake ciki tun 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin ECOWAS da rufe iyaka sun kawo tsaiko wajen shigo da magani da abincin masu tamowa, har zuwa lokacin da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari, abin da ya kawar da kujerun kansilolin da mata suka samu. A Agustan shekarar gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta da rabi, ta kuma ayyana haihuwa kyauta daga 1 ga Satumba. A 2025 Amurka ta rufe mafi yawan ayyukan hukumarta ta USAID, wadda ke cikin manyan masu ba da kuɗin yaƙi da zazzaɓi da tamowa a Nijar.

A Tasawa da Mayahi, ayyukan da suka fi jure irin wannan sauyi su ne waɗanda kuɗinsu da iliminsu ke hannun mutanen gari, kamar asusun mata da awon damtse a gida. Magani, abincin masu tamowa, albashin ungozoma da man motar asibiti kuwa suna jiran kasafin gwamnati da na abokan hulɗa, kuma yadda aka biya cibiyoyi kuɗin haihuwa kyauta ne zai nuna ko matakin 2024 zai kauce wa bashin da ya dabaibaye na 2006.